Tambayi Likita: Wai da gaske kwamfuta na hango inda kansar hanta za ta nufa?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan saƙonnin hanta ne suka cika mana waya, ban san ko wani bidiyo ne ya yi yawo a WhatsApp ba, dan haka na ajiye na hawan jini da na gyambon ciki sai fitowa ta gaba, masu su ku yi haƙuri. Na ɗauko guda huɗu, na farkon shi zai ci mana fili dan shi ne mai nauyi.

TAMBAYA: Salamu alaikum Likita, sannu da ƙoƙari. Dan Allah yayana ne aka yi wa hoton CT aka ce akwai ƙari a hantarsa ya kai santimita 4, shekararsa 41, dama tun tuni an taɓa ce masa yana da ciwon hanta na B lokacin da ya je ba da jini amma bai taɓa komawa ba tunda ba ya jin komai. Yanzu likitoci sun ce za a iya tiyata a yanke wajen amma sun ƙi ba mu tabbacin abin ba zai dawo ba. To ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta ya ce wai a Chaina akwai na'urar da ake saka mata hoton ta faɗa maka ko kansar za ta bazu ko ba za ta bazu ba, har yana cewa mu ɗauki hoton da waya mu tura wani shafi a intanet. Gaskiya ne? In gaskiya ne a ina ake yi kuma nawa ne? Daga wata 'yar'uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Yaya lafiya ya sa kaffara ne. Kafin komai bari in faɗa miki abin da kila a cikin ruɗani ba ki lura da shi ba: cewa da suka yi za a iya tiyata, wannan kanta babbar magana ce. Akwai wani nazari da aka wallafa a 2017 kan masu kansar hanta a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya da Ghana da Kamaru da Sudan, in aka cire Masar rabin majinyatan ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan an gano ciwon, saboda sai ciki ya kumbura ido ya yi shawara ake zuwa asibiti. Yayanki ya zo da sauran dama a hannu. Kar a ɓata ta wajen neman kwamfutar Chaina.

Shi kuma ɗan namu ba ƙarya ya yi ba, rabin zancen ya jiyo. Amma ba za ki gane abin da na'urar ke nema ba sai kin san abin da ya hana likitocin ba ku tabbaci, dan ba rowa suka yi muku ba.

Hanta gari ne na jijiyoyi. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da ke shigarta ta wata babbar jijiya yake zuwa wadda ta kwaso shi daga hanji, sauran kuma ta jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, kuma duk suna rarrabuwa zuwa ƙanana ƙanana har ido ba ya gani. Kansar hanta tana da halin kutsawa cikin waɗannan ƙananan jijiyoyin da ke gefenta, ƙwayoyinta su bi jini su je su zauna a wani ɓangaren hantar, ko su wuce huhu, wanda shi ne inda ta fi zuwa in ta fita, ko kaluluwa ko ƙashi. Kaman shuri ne, kin ga tulin ƙasar a fili kin sa an rushe, amma hanyoyin gara suna can ƙarƙashi sun riga sun nufi azarar ɗaki. Shi wannan kutsen, in a ƙananan jijiyoyi ne, CT ba ya nuna shi, MRI ma ba ya nuna shi ƙarara, sai an gama tiyata an kai naman da aka yanko ɗakin gwaji an duba a madubin likita sannan ake cewa ai ga shi ta shiga. Shi ya sa har kusan kashi 70 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa tiyata abin kan dawo musu cikin shekara biyar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara ku ji adadin daga bakina.

To kin ga matsalar ko: labarin da likitan tiyata ya fi buƙata kafin ya ɗauki wuƙa, ba ya samunsa sai bayan ya ajiye ta. Wannan giɓin masu kwamfuta ke son cikewa.

Yadda suke yi kuwa, kin tuna lokacin hoton an yi wa Yaya wata allura ya ce ya ji ɗumi ya ratsa jikinsa? Ruwa ne mai haska jijiya, kuma ba hoto ɗaya aka ɗauka ba, an ɗauka da ruwan ya fara shiga, an sake bayan kaman minti ɗaya, an kuma sake bayan 'yan mintoci. Ita kansar hanta daga jijiyar da ke kawo jini daga zuciya take shan jininta, dan haka sai ta riga sauran hantar yin haske sannan ta riga ta dusashewa, da wannan alamar ma ake gane ta sau da yawa ba tare da an tsaga an ɗebi nama ba. Wannan ido na iya gani. Amma hoton CT a cikin kwamfuta ba hoto ba ne, lambobi ne, kowane ɗigo da lambarsa, kuma matakan haske da duhun da ke ciki dubbai ne alhali idon ɗan'adam 'yan gomiya kawai yake iya bambancewa. A 2012 wasu masu bincike a Holan suka raɗa wa aikin tatso waɗannan lambobin suna, rediyomiks. Ana zagaye ƙarin a hoto, sai manhaja ta auno abubuwa ɗaruruwa: bakinsa sumul yake ko yana da kunne-kunne, cikinsa launi ɗaya ne ko dabbare-dabbare, naman hantar da ke zagaye da shi yana yin wani haske da bai kamata ba, da sauransu da ko suna mai daɗi ba su da shi.

Sai a kawo hotunan mutane ɗari uku ko biyar da aka riga aka yi wa tiyata aka san ƙarshen labarinsu, a ce wa kwamfuta wannan an samu kutse a jijiyarsa, wannan ba a samu ba, wannan ta dawo masa a shekara ɗaya, wannan shiru har yau. Ita da kanta za ta laluɓo irin zubin lambobin da ke tafiya tare da mugun labari. Abin da ake kira na'ura mai koyo ke nan, wani reshe na ƙirƙirarriyar basirar da ake ta zancenta. Ni dai kullum tana tuna min da tsohon dillali a karar Wudil, wanda ya shekara arba'in yana kallon shanu, daga ganin tafiyar sa zai ce maka wannan kar ka saya, ka ce me ya sa, ya ce kai dai kar ka saya. Ba duba yake ba, yawan gani ne.

Kuma amsarta ba "za ta bazu" ko "ba za ta bazu ba" ba ce. Cewa take yi, masu irin wannan hoton, kaso kaza cikinsu an same su da kutse. In kason ya yi yawa likita na iya faɗaɗa yankan ya haɗa da duk yankin da jijiyar ke shayarwa, ko ya fasa ƙona ƙarin da allura ya zaɓi tiyata, ko ya matso da ranakun dawowa asibiti. Amfani ne na gaske, ban raina shi ba, kuma a takardun bincike da yawa tana yin abin a yaba.

Sai dai ki ɗauki dillalin nan ki kai shi gonar shanun Turawa masu madara ki ga yadda zai rikice. Yawancin binciken nan a Chaina aka yi shi, dan kusan rabin masu kansar hanta na duniya a can suke, kuma da yawa asibiti ɗaya ne, injin hoto iri ɗaya, tsofaffin fayil aka kwaso aka gwada. Da an canza inji ko kaurin yankan hoton ko lokacin allurar sai lambobin su motsa, ƙwarewar ta ragu. An taɓa ganin abin dariya a Amurka a 2018, wata manhaja da aka koya wa gano ciwon huhu a hoton ƙirji, ashe ta koyi gane daga wane asibiti hoton ya fito tana amfani da hakan wajen canka, da aka kai ta wani asibitin sai ta yi ƙasa. Mu kuma namu majinyatan daban suke, a wancan nazarin na 2017 tsakiyar shekarunsu 46 ne, wasu tun suna talatin da wani abu, ga ciwon B tun na yarinta ga gubar fumfunar hatsi a kai. Dan haka har yau likitocin duniya da ma'aunin da aka sani suke yanke hukunci: girman ƙari da yawansa, ko ya shiga babbar jijiya, ƙarfin sauran hantar, gwajin jini na AFP, wani sinadari da kan hau a jinin mai kansar hanta, da tsarin Barselona na 1999 mai raba ciwon mataki-mataki, in kuma dashen hanta ne ƙa'idar Milan ta 1996 wadda ta ce ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba ko guda uku da kowanne bai wuce 3 ba. Kwamfutar tana ɗakin bincike tukuna, ba ta zama abin da za a yanka mutum ko a fasa saboda maganarta ba.

Zancen ɗaukar hoto da waya a tura shafi kuwa, a bar shi kawai. Hoton waya na fim ɗin da aka ba ku ya zubar da duk lambobin nan da nake faɗa, inuwa ce kawai, duk wanda ya karɓi kuɗinku ya ce ya karanta makomar Yaya daga nan ya cuce ku, ga kuma sirrin mara lafiya da kuka watsa. Abin da za ku roƙa shi ne a kwafa muku ainihin hoton a faifan CD ko filashi, shi ne zai yi amfani in za a nemi ra'ayin wani likitan.

In kun koma ku tambaya an yi hoton ƙirji an tabbatar huhu lafiya, babbar jijiyar hanta a buɗe take, AFP nawa ne dan a samu abin kwatantawa nan gaba, sannan an fara masa maganin ciwon B ɗin, Tenofovir ko Entecavir, dan danne ƙwayar cutar na rage dawowar abin kuma ba a daina shi da ka. Bayan tiyata ku bi sakamakon naman har ya fito ku tambaya ko an ga kutse a jijiya, wannan amsar ta fi ta kowace kwamfuta tunda ido ne ya gani. Shekara biyun farko ana dawowa hoto duk wata uku zuwa huɗu ko da yana jin garau. Ke kuma 'yar'uwa, ke da duk waɗanda kuka fito ciki ɗaya da matarsa da yaransa, kowa ya je gwajin B a satin nan, dan a wajenmu yawanci a gida ake ɗaukarsa tun ana ƙanana.

TAMBAYA: Likita ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne ajin ƙarshe a fannin kwamfuta, ina so in yi furojet ɗina a kan wannan harkar ta hoton hanta, malamina ya ce in samo hotuna kaman 80 daga asibiti in horar da na'ura. Ta ina zan fara? Daga wani ɗalibi a Damagaram.

AMSA: Madalla ƙanena, irinku muke nema. Kayan aikin ba su ne wahala ba kuma kyauta ne, 3D Slicer na zagaye ƙari, PyRadiomics na tatso lambobin, akwai kuma hotunan gasar LiTS ta 2017 guda 131 da aka riga aka zagaye hanta da ƙarin a ciki aka sake wa kowa, da rumbun hotunan kansa na TCIA na Amurka. Fara da waɗannan hannunka ya faɗa.

Amma hoto 80 ɗin nan ka yi hattara. Manhajar za ta ba ka ma'auni sama da dubu a kan kowane mutum in ka kunna mata duk matatanta, to mutum 80 ma'auni dubu, dole wasu su dace da sakamakon haka kawai bisa katari, kaman ka tara mutum dubu su canki ruwan sama na kwana goma, ba mamaki a samu wanda ya ci duka kuma ba shi ya sa ya zama masanin yanayi ba. Za ka ga na'urarka ta ci kashi 98 ka yi ta murna, ashe hadda ta yi ba ta fahimci karatun ba. Maganinsa ka ware wasu hotuna tun ranar farko ka kulle, kar ka taɓa su wajen zaɓen ma'auni ko gyara, sai ranar ƙarshe ka gwada sau ɗaya, in da hali ma daga wani asibitin daban. Kuma kar yankan hoton mutum ɗaya ya faɗa ɓangaren koyo wani yankan nasa ya faɗa na gwaji, wannan satar amsa ce, ɗalibai da yawa na yinta ba su sani ba.

Babbar matsalar ma ba a kwamfuta take ba. Dan ka koya wa na'ura hasashen bazuwa sai ka san abin da ya faru da kowane mara lafiya bayan shekara ɗaya ko biyu, mu kuwa mutum ya karɓi fim ɗinsa ya koma ƙauye, lambar wayar ta daina shiga, fayil ya ɓace, waɗanda aka yi wa tiyata har aka duba namansu ma 'yan tsiraru ne. Da ni ne kai zan sauko da burin: na'urar da za ta taimaka wa mai sikanin na ciki, wanda shi ne ake samu har a ƙananan garuruwa, ya lura da ƙaramin ƙari a hantar mai ciwon B. Wannan ya fi kusa da inda mutanenmu ke mutuwa. Kuma kar ka ɗauki hoton kowa sai da izinin kwamitin ɗa'a na asibitin, a goge suna da lambar kati, dan suna nan a liƙe cikin fayil ɗin ko ba ka gan su a fuskar hoton ba.

TAMBAYA: Likita an ga tabo-tabo da yawa a hantar Babanmu amma wai sai aka ce za a saka masa kyamara ta dubura a duba hanji. Mu dai mun kasa ganewa, hanta ke ciwo me ya kawo hanji? Daga wani bawan Allah a Gusau.

AMSA: Likitan Baba ya yi daidai malam. Ba duk kansar da aka gani a hanta ce haifaffiyar hanta ba, wata baƙuwa ce. Jinin hanji gaba ɗaya sai ya biya ta hanta kafin ya wuce, dan haka kansar babban hanji in za ta yi tafiya nan ne zangonta na farko, tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin masu ita sukan same ta a hanta ko ba jima ko ba daɗe. Ta nono da ta ciki da ta huhu ma suna zuwa. Tabo da yawa a warwatse a hantar da ba ta da tsohon ciwo yakan sa a yi zargin baƙuwar, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne sam, ta hanji ko ta je hanta da maganin kansar hanji ake yaƙarta, wani lokacin ma a yanke duka biyun a samu shekaru masu kyau. Masu kwamfutar nan suna gwada sa'arsu a nan ma, suna duba hantar da ido ke ganinta lafiya lau ko lambobinta za su nuna wadda baƙuwar za ta sauka a cikinta, amma shi ma yana matakin gwaji. Ku lallaɓa Baba ya yarda, na san dattawa ba sa son jin ta inda za a bi, ana ba da maganin da zai sa ya yi luf kuma yawanci bai wuce awa ɗaya ba.

TAMBAYA: Wai gaskiya ne gyaɗa na kawo kansar hanta? Mu sana'armu ke nan fa Likita. Daga wata mai ƙuli-ƙuli a Funtuwa.

AMSA: Hajiya kwantar da hankalinki, ba gyaɗar ba ce, fumfunar da ke kama ta ce in ba ta bushe da kyau ba ko ta kwana a danshi, haka masara ma. Ita ke fitar da gubar afulatoksin, kuma suya ba ta kashe ta. In ta haɗu da mai ciwon B haɗarin ninkuwa yake sosai, ga shi binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin ɗari na manya a Najeriya suna ɗauke da B. Inda nake jin tsoro shi ne araha, wato ƙwayoyin da suka motse ko suka yi baƙi ko ɗaci da ake tsincewa daga mai kyau a sayar da sauƙi, sau da yawa su ke ƙarewa a turmin ƙuli da tunkuza. Ki tsince su ki zubar, kar ma a ba kaji ko akuya mai nono. A shanya a kan tamfol ba a ƙasa ba, buhu a ɗora kan katako nesa da bango. In kuna da masu noma muku, su tambayi malaman gona Aflasafe, cibiyar IITA ta Ibadan ce ta samar da shi, ana watsa shi a gona sati biyu zuwa uku kafin gyaɗar ta yi fure.